Firaminista Ashirin Daga Makaranta Ɗaya: Wa Yake Biyan Kuɗin Kuskurensu?

Wani abokina da Allah ya buɗa masa a harkar kasuwanci ya daɗe da burin kai ɗansa irin tsofaffin makarantun kwanan nan na Ingila. Ranar da muka yi maganar, hujja ɗaya ya riƙe, kuma yana ta maimaita ta. Ya ce, "Malam, makarantar da ta fitar da firaminista ashirin ai ba a jayayya da ita." Eton yake nufi, kuma lissafin nasa daidai ne. Daga Robert Walpole, wanda ake ɗauka a matsayin firaministan Birtaniya na farko a 1721, har zuwa Boris Johnson da ya sauka a 2022, mutum ashirin daga cikin waɗanda suka riƙe wannan kujera sun zauna a azuzuwan makarantar nan guda ɗaya. Tsakanin 1955 da 1964 ma uku ne a jere, Eden ya miƙa wa Macmillan, Macmillan ya miƙa wa Douglas-Home, ba wani bare a tsakani.

Ni dai ina jayayya da ita, kuma wannan adadi da ya burge abokina shi ne ainihin abin da yake damuna.

Makarantar tana bakin kogin Thames, tana kallon fadar Windsor ta tsallaken ruwa. Sarki Henry na Shida ne ya kafa ta a 1440, kuma abin da ya kafa ta dominsa shi ne yara saba'in marasa galihu su yi karatu kyauta, daga nan su wuce kwalejin da ya gina musu a Cambridge shekara ɗaya bayan haka. Har yau akwai guraben nan saba'in, ana kiran masu su ɗaliban sarki, kuma da jarrabawa mai tsanani ake shiga. Amma a hankali 'ya'yan masu hali suka riƙa zuwa suna kama masauki a gari suna biyan kuɗi, har suka rinjayi masu gidan. Yanzu yara maza kimanin 1,300 ne a ciki, daga ɗan shekara 13 zuwa 18, kowa da ɗakinsa shi kaɗai, suna yawo cikin baƙar kwat mai jela irin ta ƙarni na 19. Kuɗin makaranta ya haura fam 60,000 a shekara, a ƙasar da matsakaicin albashin ma'aikaci na shekara bai kai fam 40,000 ba. Wato malamin firamare ko ma'aikaciyar jinya a Ingila, ko da za su bar ci da sha da biyan haya na shekara guda, ba za su haɗa kuɗin yaro ɗaya ba. Makarantar takan ce tana rage wa wasu kuɗi, wasu ma ba sa biyan ko sisi, kuma gaskiya ne. Sai dai gidan da aka gina wa marayu, idan attajirai suka cika shi suka ware wa marayun ɗaki ɗaya a zaure, ban ga dalilin da za a ce mu yi musu godiya ba.

Idan aka jera maka sunayen tsofaffin ɗaliban Eton, da firaministoci, da alƙalai, da janar-janar, da shugabannin bankuna, da Yarima William da ƙanensa Harry, da Justin Welby da ya shugabanci cocin Ingila, abin da ake so ka fahimta shi ne makarantar ce ta ƙera su. To amma su wa aka ɗauka tun farko? Yaron da kakansa ɗan majalisar dattawa ne, ubansa dillalin hannun jari ne, kawunsa editan jarida ne, ko a gindin bishiya ka koyar da shi ba zai rasa aiki ba. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Wani bincike da gidauniyar Sutton Trust ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 7 cikin ɗari ne kacal na yaran Birtaniya suke zuwa makarantun kuɗi, amma kashi 65 cikin ɗari na manyan alƙalan ƙasar daga can suka fito. Wasu masana kuma sun bi kundin nan da ake rubuta sunayen fitattun mutanen Birtaniya na fiye da shekara ɗari, suka gano cewa wanda ya yi ɗaya daga cikin tsofaffin makarantu tara, da Eton a sahun gaba, ya fi sauran jama'a damar shiga kundin har ninki 94. Babu wanda zai gamsar da ni cewa Allah ya tara basirar ƙasa mai mutum miliyan sittin da wani abu a cikin gidaje 'yan dubbai. Abin da waɗannan alƙaluma suke aunawa shi ne ƙanƙantar ƙofar da ake bi a shiga manyan muƙamai.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa don yabon makarantar, wanda ni kuma nake ganinsa ta ɗaya fuskar. John Gurdon ya ci kyautar Nobel a 2012 saboda aikin da ya yi kan ƙwayoyin halittar kwaɗo, aikin da ya buɗe babi guda a ilimin likitanci. Lokacin da yake Eton shi ne na ƙarshe a darasin ilimin halittu a cikin yara 250, kuma malaminsa ya rubuta a takardar sakamako cewa burinsa na zama masanin kimiyya shirme ne, ɓata lokaci ne gare shi da masu koyar da shi. Gurdon ya sa takardar nan a firam ya ajiye a ofishinsa. Abin tambaya a nan, da a ce ɗan leburan ma'adinin kwal ne a wata makarantar gwamnati aka rubuta wa wannan, ina zai ƙare? Gurdon ya samu ya shiga Oxford, ya sauya fanni, ya sake gwadawa. Abin da asalinsa da makarantarsa suka ba shi shi ne dama ta biyu bayan ya faɗi. Yara nawa ne masu kai irin nasa da ba a taɓa ba su ita ba?

Ba zan ce Eton ba ta koyar da komai ba, don zai zama son zuciya. Tana koyar da abu ɗaya fiye da kowace makaranta da na sani, wato yarda da kai. Kuma yadda take yin hakan ya cancanci a tsaya a duba. Yaran ne suke tafiyar da ƙungiyoyinsu da kansu, su rubuta wa minista ko babban marubuci wasiƙa su gayyace shi, ya zo, su ci abinci tare, ɗan shekara 17 ya tashi ya gabatar da shi ya kuma yi masa tambaya mai zafi. Manyan ɗalibai masu kula da ladabi, ƙungiyar da suke kira Pop, bisa al'ada su ne suke zaɓen waɗanda za su gaje su, don haka tun yaro yana ɗan shekara 14 ya fara koyon yadda ake neman goyon baya, wa za a gaisar, wa za a yi wa murmushi. Kamfe ne sosai kafin a kai shekarun jefa ƙuri'a. A 2016 wasu ɗalibai goma sha ɗaya suka shirya tafiya Mosko da kansu, suka zauna da Vladimir Putin a fadar Kremlin, a lokacin da sabuwar firaministar ƙasarsu, Theresa May, ba ta riga ta gana da shi ba. Yaron da ya taso haka ba ya rawar murya a gaban kowa. Duk ɗakin da ya shiga gani yake an gina shi ne domin zuwansa. Ina fata yaranmu na makarantun gwamnati su samu ko da rubu'in wannan, su da aka horar su sunkuyar da kai su yi shiru in babba yana magana ko da ba daidai yake faɗa ba.

Matsalar ita ce yarda da kai ba ta tafiya da sani dole. Kuma idan aka ba mai yarda da kansa ragamar daula, mutanen da ba su taɓa jin sunan makarantarsa ba su ne suke kwana a ciki.

Mu Hausawa muna da shaida a kan wannan, don taswirarmu ma tsofaffin ɗaliban Eton ne suka sa mata hannu. Lord Salisbury, wanda ya yi Eton yana yaro kuma ya tsane ta saboda cin zalin da ya sha, shi ne firaminista a 1890 lokacin da Ingila da Faransa suka ja layi daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Cadi. Layin nan, bayan gyare-gyaren da aka yi masa daga baya, shi ya zama iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram, ta sa ɗan'uwa yake nuna takarda kafin ya je gaisuwar mutuwa gidan ɗan'uwansa. Salisbury da bakinsa ya faɗa a wani jawabi a wannan shekarar cewa sun yi ta ba juna duwatsu da koguna da tafkuna, abin da kawai ya ɗan kawo musu cikas shi ne ba su san takamaiman inda duwatsun da kogunan suke ba. A wajensa abin raha ne. Ɗan 'yar'uwarsa, Arthur Balfour, shi ma ɗan Eton, shi ya gaje shi, kuma shi ne kan mulki a 1903 da Kano da Sakkwato suka faɗi. Shi ne kuma a 1917 ya sa hannu kan wasiƙar da ta yi alƙawarin ƙasar Falasɗinu ga waɗansu, ba tare da an tambayi mazaunanta ba. Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka lokacin da aka haɗe Arewa da Kudu a 1914, wanda aka sa wa Fatakwal sunansa, ɗan Eton ne. Oliver Lyttelton, mai tsarin mulkin 1954 da ya ba jihohi uku ƙarfi, ɗan Eton ne. Ba ina cewa duk abin da suka yi sharri ba ne. Abin da nake nunawa shi ne yadda makomar miliyoyin mutane ta riƙa wucewa ta hannun 'yan tsirarun da suka tashi a farfajiya ɗaya, suna ganin yanke hukunci a kan ƙasar da ba su taɓa takawa ba hakkinsu ne na gado.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne. To mu dawo zamaninmu. A 2011 David Cameron, firaministan Birtaniya na lokacin kuma ɗan Eton, tare da Nicolas Sarkozy na Faransa, ya jagoranci kai harin sama a Libiya. Gaddafi ya faɗi, ƙasar ta wargaje, rumbunan makamai suka buɗe. A farkon 2012 arewacin Mali ya kama da wuta, kuma duk wanda ke zaune a Nijar ko arewacin Najeriya ya san ba a Mali wutar ta tsaya ba. A watan Satumban 2016 kwamitin harkokin waje na majalisar dokokin Birtaniya, wanda 'yan jam'iyyarsa ne suka fi yawa a ciki, ya ce an shiga yaƙin ne bisa bayanan da ba su inganta ba, babu wani shiri na abin da zai biyo baya, kuma alhakin yana wuyan Cameron. Kafin rahoton ya fito ya riga ya sauka, saboda wata cacar da ya sake yi: ya kira ƙuri'ar raba gardama kan ficewa daga Tarayyar Turai yana da tabbacin zai ci, ya sha kaye da kashi 52 a ranar 23 ga Yunin 2016, washegari ya ce ya ajiye aiki. Wanda ya jagoranci ɓangaren da ya kayar da shi, Boris Johnson, tsohon ɗan makarantarsu ne. Me ya samu Cameron bayan duk wannan? A Nuwamban 2023 aka ba shi sarautar Lord, aka naɗa shi ministan harkokin waje ba tare da ya tsaya zaɓe ba. Bahaushe ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan tsuntsu ya ja ruwan, ya koma rumfa, ruwan ya doki Agadas da Timbuktu.

Shi kuwa Johnson, wani malaminsa a Eton ya rubuta wa mahaifinsa a 1982 cewa yaron nan yana ganin rashin kirki ne a ce ba a ɗauke shi a matsayin na daban ba, wanda dokokin da suka ɗaure kowa ba su shafe shi ba. Shekara arba'in bayan wannan wasiƙa, 'yan sanda suka ci shi tara yana firaminista saboda karya dokar kullen korona da shi kansa ya kafa, a lokacin da talakawan ƙasar suke binne iyayensu ba tare da an bar su sun taru ba. Malamin ya ga halin tun yaron yana ɗan shekara 17. Makarantar ta gani, ta rubuta, amma duk da haka ta miƙa shi gaba da dukkan mabuɗan da take ba 'ya'yanta. Sai Kwasi Kwarteng, wanda iyayensa 'yan Ghana ne, haziƙi na gaske da ya shiga cikin ɗaliban sarki da ƙwaƙwalwarsa. Ya zama ministan kuɗi a Satumban 2022, ya sallami babban sakataren ma'aikatar tun ranar farko, ya gabatar da kasafin rage haraji ba tare da ya bari hukumar da ke tantance alƙaluma ta duba ba. Darajar fam ta faɗi ƙasa warwas, babban bankin ƙasar ya shigo da gaggawa don ceto asusun fansho, kuɗin ruwan bashin gidaje ya hau kan iyalai masu yawa. Kwana 38 ya yi a kujerar. Labarinsa ya nuna min cewa abin ba a launin fata yake ba, a tarbiyyar yake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai hujja mai nauyi da masu kare makarantar suke kawowa, kuma ina girmama ta. A yaƙin duniya na ɗaya tsofaffin ɗaliban Eton fiye da 5,600 ne suka tafi fagen fama, 1,157 ba su dawo ba. Kusan ɗaya cikin biyar ke nan, wanda ya zarce na sauran sojoji nesa ba kusa ba, domin su ne ƙananan hafsoshin da suke fara fita daga rami da bindiga a hannu. Harold Macmillan ya kwanta a ramin bom a yaƙin Somme a 1916 da harsashi a ƙugunsa, kuma ya yi ta fama da ciwon har ƙarshen rayuwarsa. Anthony Eden ya rasa 'yan'uwansa biyu a wancan yaƙin, ya rasa ɗansa a na biyu. Macmillan daga baya ya wakilci garin Stockton a lokacin da rashin aikin yi ya durƙusar da ma'aikata, abin ya zauna masa a rai, kuma da ya zama ministan gidaje ya gina gida 300,000 a shekara. Shi ne kuma ya tsaya a majalisar Afirka ta Kudu a Fabrairun 1960 ya gaya wa fararen fata cewa guguwar sauyi tana kaɗawa a nahiyar, ko sun so ko sun ƙi. Waɗancan mutane sun yi kurakurai manya, Eden ma ya jefa ƙasarsa cikin abin kunyar harin da aka kai wa Masar kan mashigin ruwan Suez a 1956. Amma aƙalla sun san cewa gata bashi ne, kuma wani lokaci da jini ake biyansa. Wannan ɓangaren ne na ga ya zube a hanya. Na yanzu sun gaji yarda da kan ba tare da bashin ba. Idan sun faɗi, a kan kwangilar rubuta tarihin rayuwa da kuɗin jawabi suke faɗawa.

Da na gaya wa abokina duk wannan sai ya ce, "To ai shi ya sa nake so nawa ya shiga cikinsu, ya zama mai yankewa ba wanda ake yanke wa ba." Na fahimce shi, don babu uban da ba ya son ɗansa ya tsira. Sai na ba shi labarin Dillibe Onyeama. Mahaifinsa alƙali ne a kotun duniya da ke Hague, ɗan babban gida daga Enugu. Ya shiga Eton jim kaɗan bayan Tokunbo Akintola, ɗan firimiyan jihar Yamma, kuma a 1969 ya zama baƙar fata na farko da ya kammala karatu a can. Shekara huɗu ana tambayarsa ko tsutsotsi ne a gashinsa, ko uwarsa tana sa ƙashi a hanci. In ya ci jarrabawa a ce satar amsa ya yi, in ya yi fice a wasa a ce ai dama haka jininsu yake. A 1972 ya rubuta abin da ya gani ya buga, makarantar ta hana shi sake taka harabarta. Sai a 2020, bayan shekara 48, shugaban makarantar ya fito ya nemi gafararsa. Onyeama ya rasu a 2022. Na yarda yanzu ba haka abin yake ba, yara daga ƙasashe da yawa suna ciki. Amma makarantar da ta ɗauki rabin ƙarni kafin ta ce ta yi kuskure ga yaro ɗaya, ba abin mamaki ba ne in 'ya'yanta sun fito ba su iya furta wannan kalma ba.

Mu ma an dasa mana irin wannan iri. Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, wadda ta koma Kaduna, ta koma Zariya, ta zama Barewa, an gina ta ne da tunanin makarantun kwanan Ingila: a tara yara kaɗan, a horar da su tare, su fito su riƙe ƙasa. Har wasan nan na buga ƙaramar ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda Sardauna ya ƙware a kai kuma har yau ake bugawa a Katsina da Sakkwato, asalinsa daga jikin bangon cocin Eton ne. Kuma ta yi aikin da aka kafa ta dominsa: Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari, Umaru Musa 'Yar'aduwa, duk ta nan suka bi. Muna alfahari da jerin nan kamar yadda abokina yake alfahari da na Eton, kuma tambayar da na yi wa nasu ta hau kan namu: yara nawa ne a Arewar wancan lokaci aka bari suka kusanci ƙofar? Bambancin da nake gani shi ne kuɗin uba bai zama sharaɗin shiga Barewa ba. Abin da manyanmu suke ginawa yau a Abuja da Legas, da waɗanda suke tura 'ya'yansu waje, ya fi kusa da Eton ta yanzu, inda aljihu ne mabuɗi.

Shi ya sa na goyi bayan abin da gwamnatin Keir Starmer ta yi a Janairun 2025, na sa harajin kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin makarantun kuɗi. An yi ta kuka cewa hassada ce. Ni ban ga hassada a ce wanda zai iya biyan fam dubu hamsin ya ƙara dubu goma don a ɗauki malamai a makarantun da kashi 93 cikin ɗari na yaran ƙasar suke zuwa ba. Harajin ba zai rushe Eton ba, ta ga sarakuna sun zo sun wuce tun 1440. Amma mafi yawan ministocin da Starmer ya naɗa a 2024 'yan makarantar gwamnati ne, kuma ƙasar ba ta rasa masu iya magana a majalisa ba.

Abokina bai sauya ra'ayi ba. Yaron yana shirin jarrabawa, an ɗaukar masa malami na musamman da ke koya masa yadda ake amsa tambayoyin ganawa. Abu ɗaya na roƙe shi, cewa duk hutu ya riƙa kai yaron garinsu da ke kusa da iyaka, ya bar shi ya kwana biyu wajen kakarsa, ya bi 'yan'uwansa zuwa shingen da ake duba takardu in za su kasuwa a tsallake. Ya ce zai duba.